Sharhi: Dokar Sauyin Yanayi Da Doguwar Tafiyarta Daga Abuja Zuwa Sakkwato

Idan mai karatu ɗan jihar nan bai manta ba, a cikin watan Satumba na shekarar 2010 ne gulbin Rima ya cika ya batse, bayan mamakon ruwan sama da tumbatsar madatsar ruwa ta Goronyo. Ruwan ya shanye gonakin shinkafa da gero, ya rusa gidaje a ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno, Kware da Wamakko, sannan ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har sai da aka dakatar da karatu. A daidai lokacin da jama'armu ke kwana a azuzuwan makarantun firamare, can a Abuja akwai wani ƙudurin doka na kafa hukumar kula da sauyin yanayi ta ƙasa a hannun Majalisar Tarayya ta shida. Majalisun biyu sun amince da shi, aka miƙa wa shugaban ƙasa na lokacin, Dokta Goodluck Jonathan, amma bai rattaba masa hannu ba har wa'adin majalisar ya cika a watan Yuni na 2011. Da wuya a sami mutum ɗaya cikin waɗanda ruwa ya kora daga gidajensu da ya taɓa jin labarin wannan ƙuduri, balle ya tambayi wakilinsa inda aka kwana.

A nan ne, a ganin mai wannan sharhi, siyasar al'amarin take. A wasu ƙasashe irin wannan doka faɗa ne na ƙiri-ƙiri tsakanin jam'iyyu. A Amurka, alal misali, majalisar wakilai ta amince da ƙudurin rage hayaƙin masana'antu a 2009 da ƙuri'a 219 a kan 212, ya je majalisar dattawa ya maƙale. Mu a Nijeriya babu jam'iyyar da ta hau dandamalin yaƙin neman zaɓe ta ce ba ta son dokar. Rashin mai ita ne ya riƙa kashe ta, kamar akuyar da ba a san mai ita ba a bakin kasuwa: babu mai dukanta, babu kuma mai ba ta dusa.

Sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu a kan ƙuduri ko ya bayyana ƙin amincewarsa, ya kuma bai wa majalisun biyu ikon su tsallake shi idan kashi biyu bisa uku na kowace majalisa suka sake amincewa. An taɓa amfani da wannan iko. A shekarar 2000 majalisa ta tsallake Cif Olusegun Obasanjo ta tabbatar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, domin akwai yankin da ya ɗauki dokar a matsayin tasa, wakilansa suka tsaya tsayin daka, suka nemi goyon bayan takwarorinsu na sauran shiyyoyi. Ƙudurin sauyin yanayi bai taɓa samun irin wannan gata ba. Majalisa ta bakwai, wadda ɗan jihar nan Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya shugabanci majalisar wakilanta daga 2011 zuwa 2015, ita ma ta ƙare ba a sami dokar ba. Sai dai abin lura shi ne, a shekarar 2015 ɗin aka sami dokar kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aikinta ya shafi jihohi 11 na bakin hamada, ciki har da Sakkwato, Kabi da Zamfara. Da aka ce hamada, kowane ɗan majalisa daga Arewa ya gane, domin ya ga rairayi ya binne gona a Gada ko Illela ko Tangaza. Da aka ce sauyin yanayi kuwa, sai abin ya zama tamkar zancen taron bita a otal da takardun Turanci.

A majalisa ta takwas, wani wakili daga jihar Abiya, Honarabul Sam Onuigbo, ya sake ɗauko ƙudurin, majalisun biyu suka amince, amma a farkon 2019 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da shi. Daga cikin dalilan da fadar shugaban ƙasa ta bayar akwai cewa ƙudurin ya maimaita aikin da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke yi, kuma kafa sabuwar hukuma ƙarin nauyi ne a kan baitulmali. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san abin da ke ƙarƙashin irin wannan magana: wace ma'aikata za ta riƙe kuɗi, wa zai jagoranci tawaga zuwa tarukan ƙasashen waje, wa zai sa hannu idan tallafi ya zo. Majalisa ba ta yi yunƙurin tsallake shugaban ba.

To, me ya sauya a 2021? Ba ruwan sama ne ya ƙaru ba, ba kuma masu zaɓe ne suka matsa ba. An sake tsara ƙudurin tare da ma'aikatun da abin ya shafa, aka ɗora shugaban ƙasa da kansa a kan kujerar shugabancin majalisar kula da sauyin yanayi, mataimakinsa na biye da shi, ta yadda babu ministan da zai ce an ɗora masa wani a kai. Na biyu kuma, taron duniya kan yanayi na birnin Glasgow ya ƙarato, kuma Nijeriya, wadda ta sa hannu a yarjejeniyar Paris tun 2016, tana neman rance da tallafi, alhali Kenya ta yi tata dokar tun 2016, Birtaniya kuwa tun 2008. Majalisar wakilai ta amince a watan Yuli, ta dattawa a watan Oktoba. A Glasgow shugaban ƙasa ya yi alƙawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shafewa, kuma kwanaki kaɗan bayan an watse daga taron, a watan Nuwamba, ya rattaba hannu. Abin da aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa a kansa, sai ga shi an kammala cikin wata biyar.

Yana da kyau mu gaya wa kanmu gaskiya a kan wani abu. Wannan majalisa ta tara ita ce ta zartar da dokar masana'antar man fetur, wadda aka sa wa hannu a watan Agustan 2021. A can ne aka ga tada jijiyar wuya: wakilan Kudu maso Kudu na kukan kashi 3 cikin ɗari da aka ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a yankunansu ya yi kaɗan, namu na Arewa na kare kashi 30 cikin ɗari na ribar kamfanin mai na ƙasa da aka ware domin neman mai a sababbin wurare, waɗanda kwarin Sakkwato ke cikinsu. Ba laifi ba ne wakili ya nema wa yankinsa arziki. Amma da an kashe ko da rubu'in wannan kuzari wajen tsara yadda asusun sauyin yanayi zai riƙa kaiwa ga jihohin da hamada ke ci, da dokar ta fito da wata kama dabam.

Ga yadda ta fito. Ta tanadi a riƙa ƙayyade yawan hayaƙin da ƙasa za ta fitar, a riƙa tsara shirin aiki duk bayan shekara biyar, a kafa asusu na musamman, kowace ma'aikata da hukumar tarayya ta naɗa jami'in da zai kula da al'amarin, kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama kuma su riƙa bayar da rahoton matakan da suka ɗauka. A cikin majalisar da ta kafa, jihohi 36 kujera ɗaya gare su, ta shugaban ƙungiyar gwamnoni, ƙananan hukumomi 774 su ma kujera ɗaya. An naɗa Dokta Salisu Ɗahiru babban darakta na farko a watan Yulin 2022, aka ƙaddamar da majalisar a watan Satumba, a daidai daminar da ambaliya ta halaka mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan.

Yanzu mai karatu ya biyo ni nan cikin birni, ya tsaya wajen masu sayar da itace da gawayi da hantsi. Babu mai ma'aikata 50 a cikinsu, saboda haka dokar tarayya ba ta san da zamansu ba. Amma tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, gidaje da yawa da suka saba da kananzir ko tukunyar gas sun koma murhu, haka mai shayi, mai tuwo-tuwo da mai gidan burodi. Kowane buhun gawayi ƙirya ce ko marke da aka sare a wani daji. Wanda ya sare ɗin kuma sau da yawa manomi ne da damina ta gaza masa, ko wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a gabashin jihar. Ikon wannan al'amari duka a gida yake: dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, gandun daji da burtali da makiyaya na ƙarƙashin jiha da ƙananan hukumomi, haka magudanun ruwa da izinin gini a kan hanyar ruwa. Tun bayan gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023, har samar da wuta da rarraba ta jiha na da ikon yi wa doka, kuma muna da cibiyar binciken makamashi a jami'armu da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana da murhu mai tsimin itace.

Siyasar wannan mataki ta fi ta Abuja wuya nesa ba kusa ba. Ɗan majalisar tarayya ya ɗaga hannu a kan alƙawarin 2060 ba tare da ya ɓata wa kowa rai a mazaɓarsa ba. Ɗan majalisar jiha kuwa, cikin wakilai 30 da muke da su, idan ya goyi bayan tsaurara hukuncin saran itace ko rushe ginin da ya toshe magudanar ruwa, tukunyar mai zaɓensa ya taɓa, kuma zai haɗu da shi a wurin jana'iza ko ɗaurin aure kafin mako ya zagayo. Dattawa na ba da labarin yadda ake shakkar malamin daji a zamanin En'e, amma sukan manta da cewa a wancan lokaci jama'a ba su kai haka yawa ba, daji kuma yana bayan gari. Hani ba tare da madadi ba zai ƙara wa gawayi tsada ne kawai, ya kuma buɗe ƙofar na-goro a shingayen hanya.

Kuɗin fara aiki ba a rasa su gaba ɗaya ba. Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki, akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa, kuma doka ce kaɗai ke iya tilasta wa kasafin kuɗin kowace shekara ya ci gaba da ɗaukar nauyin abin da aka fara. Don haka duk ranar da aka zauna jin ra'ayin jama'a a kan irin wannan ƙuduri a jihar nan, ya kamata a yi shi da Hausa da Fulatanci, a gayyato ƙungiyar masu itace da gawayi, manoman albasa da shinkafa na fadamun Rima, ardo-ardon makiyaya, matan da ke shaƙar hayaƙin murhu, da iyayen ƙasa waɗanda suka san iyakar kowane daji. A kuma rubuta ƙarara a cikin dokar wanda zai biya kuɗin ban-ruwa da shingen dashen itatuwa daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma awaki ba su da abin ci sai ɗanyen ganye, domin a waɗannan watanni uku ne akasarin abin da aka dasa da damina ke mutuwa.