Sammakon Neman Jami'a A Amurka: A Duba Kafin A Sa Hannu

Kowace shekara, in watan Nuwamba ya kama, manyan jami'o'in Amurka da yawa sukan rufe karɓar takardun masu sammako, watau ɗaliban da suka riga sauran jama'a neman shiga. Cikinsu har da 'ya'yanmu 'yan Nijeriya, musamman masu son haɗa ilmin injiniya da na kasuwanci. To, wannan sammako iri biyu ne, kuma wajibi ne iyaye su san bambancinsu.

Na farko shi ne mai ɗaure alkawari, kamar na Jami'ar Pennsylvania da ke birnin Filadelfiya. Ɗalibi zai miƙa takardunsa kafin 1 ga Nuwamba ta wuce, ya sami amsa cikin Disamba. In an ɗauke shi, tilas ya janye nemansa daga sauran jami'o'i duka. Na biyu kuwa, irin na MIT, ba alkawari a cikinsa. Ɗalibi zai ji amsa da wuri, amma yana da damar yin shawara har 1 ga Mayu.

Ba mamaki idon yara ya fi karkata ga Pennsylvania. A can ne makarantar kasuwanci ta Wharton take, wadda aka kafa tun 1881, kuma tun 1977 jami'ar ke da wani shiri da ɗalibi zai fita da digiri biyu, na injiniya da na Wharton. Amma fa kowace shekara ɗalibai kamar hamsin kaɗai ake ɗauka. Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ita ma ta buɗe irin wannan shiri a 2017, sai dai ita ba ta da tsarin sammako ko kaɗan.

A ganinmu, wanda mahaifinsa ba zai iya biyan kuɗin makaranta daga aljihunsa ba, bai kamata ya yi garajen ɗaure kansa da alkawari ba. Dalili kuwa, wanda ya sa hannu ga jami'a ɗaya ba zai taɓa ganin irin taimakon da sauran za su ba shi ba, balle ya gwada ya zaɓi mafi tsoka. Gaskiya ne ana sakin ɗalibi daga alkawarin in taimakon ya gaza, amma da me zai auna gazawar, tun da tayi ɗaya ke gabansa? Har wa yau, Pennsylvania takan duba halin aljihun ɗalibi ɗan Nijeriya lokacin da take yanke shawarar ɗaukarsa, alhali MIT ba ta dubawa. Su kansu Amurkawa sun san da wannan damuwa, domin a 2006 Harvard da Princeton sun ba da sanarwar soke sammako saboda yana tauye 'ya'yan talakawa, ko da yake sun komo da wani iri nasa a 2011.

Sa'an nan ɗalibi ya tambayi kansa, wanne ne uwa cikin ilmin nan biyu? Injiniya yana iya komawa ya yi digiri na biyu a kasuwanci bayan ya yi 'yan shekaru yana aiki. Mai digirin kasuwanci kuwa, da wuya ya zama injiniya sai ya koma farko. Saboda haka wanda zuciyarsa ke ga injiniya, ya fara auna ƙarfin sashen injiniya na kowace jami'a, kada sunan Wharton ya ɗauke masa hankali.

Muna kira ga iyaye da shugabannin makarantun sakandare su karanta sharuɗɗan nan da kyau, su yi lissafin kuɗin shekara huɗu, tukuna su bar yaro ya sa hannu. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.