Allurar Barci Ba Ƙanwar Mutuwa Ba Ce

'Yan'uwa manoma da masunta, a daminar bara wani ɗan ƙungiyarmu ta gama kai, mutumin wajen Wara, ya yi aman jini. Likitan da ya duba shi ya ba shi takarda ya tafi babban asibiti a leƙa cikinsa da na'ura. Da ya ji za a yi masa allurar barci, sai ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya koma gida. Ya ce da ni, "Malam, ai barci ƙanin mutuwa ne. In sun kwantar da ni ban tashi ba fa?" Buhu uku na albasa ya sayar, ya kashe kuɗin a kan jiƙe-jiƙe. Bayan wata biyu jinin ya dawo, aka ɗauke shi ranga-ranga.

Ban ga laifinsa ba don ya ji tsoro. Laifin namu ne da muka bar shi da tsoronsa shi kaɗai. A ganina, abin da ke rage irin wannan tsoro shi ne mutum ya san abin da za a yi masa, ya kuma sami ɗan rakiya.

Me ya sa maganar ta shafe mu ƙwarai? Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanen Yauri da Ngaski da Shanga da yawa a bakin tafki suke kamun kifi da noman rani da wanki. A ruwa mai kwanciya ne ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya ke yaɗuwa. Ban da tsargiyar fitsarin jini da muka sani, akwai ta hanji. Idan ta daɗe a jiki takan ɓata hanta, jijiyoyin hanyar abinci su kumbura, wata rana su fashe. Ga kuma gyambon ciki. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke kawo yawancinsa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da diclofenac, waɗanda muke sha barkatai in mun taso daga gona, su ma suna cin tumbi. Likita ba zai rarrabe waɗannan da taɓa ciki kawai ba, sai ya gani da ido.

Aikin shi ake kira endoskofi, ana kuma yin sa a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Siririn tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta hanyar abinci yake bi, ba ta hanyar numfashi ba, saboda haka ba ya hana mutum shan iska. Ba a yanka ko'ina. Yawanci bai wuce minti 15 ba. In an ga jijiyar da ta kumbura, ana iya ɗaure ta da 'yar roba nan take.

Allurar da aka saba yi kuwa ba irin ta babbar tiyata ba ce. Tana sa jiki ya saki, gyangyaɗi ya kama mutum, amma da kansa yake numfashi, yakan kuma ji in an kira sunansa. Da yawa ba sa tuna komai bayan an gama. Ba zan ce babu haɗari ko kaɗan ba. Maganin yana iya rage ƙarfin numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙirji ko na hanta. Dalilin ke nan da ake maƙala wani ɗan abin awo a yatsa, ma'aikacin jinya kuma ya tsaya yana lura har mutum ya wartsake. Wanda bai yarda da allura ba ya tambaya ko za a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro kaɗai, a yi aikin idonsa biyu. Ana yin haka sosai.

Mai tambaya ba ya ɓata. Ka gaya wa likita kana jin tsoro, ba abin kunya ba ne. Kada ka ɓoye masa abin da kake sha, ko maganin gargajiya, ko tiramol, ko burukutu, domin da wannan yake auna yawan allurar. Mai juna biyu ta faɗa, haka ma mai hawan jini ko ciwon sukari. Kada ka ci komai na aƙalla awa 6 kafin aikin, ko yadda aka umurce ka. Bayan allura, sai an yi awa 24 kafin ka hau babur, ko ka tuƙa kwale-kwale, ko ka taɓa injin ban ruwa.

Kowace ranar kasuwa mukan miƙa rayukanmu ga matuƙin jirgi, don mun san shi, kuma ba mu kaɗai ba ne a ciki. Haka ya kamata tafiyar asibiti ta zama. Ina roƙon kowace ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta don kuɗin motar mara lafiya da na ɗan rakiyarsa, a kuma raba aikin gonarsa har ya dawo. Duk wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira kaka.

Ɗan'uwan namu ya tsira. Mutum biyu daga cikinmu suka raka shi. Ya ce da ya buɗe ido sai ya tambayi ma'aikaciyar jinya yaushe za a fara, ta ce ai an gama tuni. Bana ya dasa albasarsa da hannunsa.