Ajin C yana mutuwa, mu kuma muna shan shayi



Satin da ya wuce na tarar da ƙanena a zaure yana cika takardun shiga jami'a. Yaron ya ci bak ɗinsa na seri D da maki mai kyau, kuma tun yana kolej shi ke gyara mana pano da batir idan suka lalace. Na ce masa: "Ƙane, ga fizik, ga shimi, ga lissafi, wanne ka zaɓa?" Sai ya yi dariya ya ce: "Haba Yaya! So kake in ƙare da alli a hannu, ina jiran albashin ɗan kwantiragi? Ni kwantabul zan zama, ko Allah ya sa in samu wani furoje in shiga."

Wallahi na rasa abin cewa, don a bakina ya fara jin wannan magana. Ni kaina bak C gare ni. Mu tara ne a ajinmu na ƙarshe, biyu kaɗai suka ci gaba da kimiyya. Ni na gudu zuwa shari'a, don an ce can akwai sauƙi kuma akwai aiki. Yau shekara huɗu ke nan ina yawo da dosiye daga wannan konkur zuwa wancan. Bara na leƙa tsohon lisenmu, aka ce mini an rufe ajin C ɗin gaba ɗaya, ƴan ukun da suka rage an haɗe su da ƴan D.

Wani zai ce: wane irin ƙarancin ɗalibai, bayan jami'o'inmu sun cika sun batse? Gaskiya ne. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kuma har yanzu wurin zama bai isa ba. Amma a duba inda cunkoson yake. A anfin shari'a ko na tattalin arziki, in ba ka yi sammako ba, ta taga za ka saurari darasi. Ka taka zuwa inda ake koyar da lissafi zalla ko fizik, ko wurin horar da malaman waɗannan fannoni, malami ya san sunan kowane ɗalibi, har ya san wanda bai zo ba.

Abin ba a ƙofar jami'a yake farawa ba. A kolej yake farawa, musamman na karkara, inda sau da yawa babu ƙwararren mushen lissafi, sai a damƙa ajin ga wanda ya karanta wani fanni dabam. Yaro ya yi shekara huɗu bai taɓa shiga labo ba, kwalbar gwaji ma a allo ake zana masa ita. Ya ci burbe da tsoron lissafi a zuciyarsa, ya ruga seri A. Ajin C ya ragu, sashen lissafi na jami'a ya rasa ɗalibai, makarantar horar da malamai ta rasa waɗanda za ta horar, kolej ya sake wayar gari ba malami. Haka abin ke juyawa kowace shekara, kuma kowane juyi ya fi na baya muni. Ƴan kaɗan ɗin da suka jure, masu hali cikinsu sai su nemi bursun waje, kuma ba duka ke dawowa ba.

To mi ya dame mu? Tun 1971 ake haƙo uranium a Arlit. Matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. A 2024 man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kai Seme a Benin. Kuma babu wanda ya manta da duhun watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Kullum a fada muna cewa arzikinmu ya dawo hannunmu. Madalla. Amma hannun da zai riƙe matata ko tashar hasken rana irin ta Gorou Banda, sai ya wuce ta ajin da muke bari yana mutuwa. In ba mu da namu injiniyoyi, hayar na wasu za mu ci gaba da yi, sunan ƙasarsu kawai zai canza.

Abin kunyar ma, babbar jami'armu ta Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ONERSOL, yana ƙera murhu da tukunyar dafa ruwa masu aiki da rana tun duniya ba ta damu da wannan makamashi ba. Yau panon da ke kan rufinmu daga waje ake kawo shi.

Kada ƴan seri A su ji haushi. Ƙasa tana bukatar alƙali, ɗan jarida da masanin tarihi. Sai dai ba a dafa tuwo a kan dutsen murhu ɗaya.

Kuma ban ga laifin ƙanena ba. Ya ga mushensa na fizik yana kabu-kabu da marece don albashi bai isa ba. Wa'azi ba zai goge wannan hoto ba. Abin da zai goge shi yana hannun hukuma: a biya bursu a kan lokaci, a ƙara wani abu a kai ga masu karanta lissafi, fizik da shimi. Duk wanda ya kammala ya yarda zai koyar, a ɗauke shi cikakken ma'aikaci, kada a bar shi shekaru a kwantiragi. A sa labo ko ƙarami ne a kowane lise.

Sauran kuma namu ne. Mu daina tsorata ƙannenmu da cewa C ta masu taɓin hankali ce. Mu daina ce wa ƴan mata lissafi ba nasu ba ne. Kusan kowace fada tana da mai bak C ko D da ke zaune ba aiki. Awa biyu ranar Asabar, allo ɗaya, yaran unguwa biyar masu shirin burbe: wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ni na fara da huɗu a zaurenmu, na tarar ashe ban manta komai ba.

Ƙanena bai miƙa takardunsa ba tukuna. Jiya na gan shi ya tsaya bakin ƙofa yana kallon yaran, har ya karɓi allin ya gyara wa ɗaya kuskure. Ban ce masa komai ba.

Ku fa, a lisen unguwarku, mutum nawa ne a ajin C bana? Ku je ku tambaya, ku zo ku faɗa mana.