Lissafin da ke Cikin Madubin Bindiga

Na daɗe ina koyar da lissafin kusurwa, kuma da wuya zango ya ƙare ba a sami ɗalibin da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai wannan radiyan ɗin a ina zai amfane mu?" ba. Amsar da ta fi gamsar da ni, a daji na tsince ta, lokacin da na je hutun nazari Afirka ta Kudu, wani abokin aiki ya gayyace ni rakiyar farauta a wata gonar kiwon namun daji da ke yankin Karoo.

Karoo fili ne fetal, babu bishiyar da maharbi zai laɓe. Barewar da suke kira springbok kuwa ba ta yarda a kusance ta, don haka harbi daga nisan mita 200 zuwa 300 ba baƙon abu ba ne a can. To, harsashi ba ya tafiya a miƙe. Tun da ya bar bakin bindiga ƙasa ke janyo shi. Harsashin .308 da aka saita a mita 100 yakan sauka da kimanin santimita 40 idan ya kai mita 300. Wurin da ake nufi a jikin barewar, wato zuciya da huhu, bai wuce faɗin ƙaramin faranti ba. Wanda bai san nisa ba zai karya wa dabba ƙafa ne kawai, ta tsere da rauni, ta kwana tana jin jiki.

Da aka miƙo mini madubin hangen da ke kan bindigar na leƙa, sai na ga layuka biyu sun gitta juna, an jera musu ɗigo-ɗigo. Tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ita ce mil ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na radiyan ɗin nan da ɗalibaina ke wa kallon banza. Abu mai tsayin mita ɗaya, idan yana nisan mita 1,000, mil ɗaya zai cika. Saboda haka sai ka ninka tsayin abin sau dubu, ka raba da adadin mil ɗin da ya cika. Springbok takan kai kimanin santimita 75 daga kofato zuwa kafaɗa. In ta cika mil 3, tana nisan mita 250 ke nan. Amma duba nan, mai karatu: in ido ya yaudare ka ka karanta mil biyu da rabi, lissafi zai ba ka mita 300. Rabin ɗigo ya jawo kuskuren mita 50, kuma wannan ya isa a kuskure farantin nan. Ballantana ciyawa ta rufe ƙafafun dabbar, ko ta kasance ƙarama ce ba ta kai tsayin da ka ɗauka ba.

Wannan ya sa nake ganin masu sayen madubi suna barin jaki suna dukan taiki. Abin da suke fara tambaya shi ne sau nawa yake jawo abu kusa. Rubutun 3-9x40 na nufin ninki uku zuwa tara, da gilashin gaba mai faɗin milimita 40, kuma ya wadatar ga yawancin farauta. Mai ninki 24 yana da daɗin faɗa a majalisa, sai dai yana ƙuntata filin da ido ke gani, yana fito da rawar hannu fili, ga duhu da almuru, domin hasken da ke isa ido raguwa yake yi gwargwadon ƙaruwar ninki.

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce inda aka dasa layukan. A wasu madubai suna girma tare da hoton idan an murza ninki, don haka mil yana nan mil a kowane hali. A wasu kuwa hoton ne kaɗai ke girma, kuma awon yana daidai ne a ninki guda tak, galibi na ƙarshe. Wanda ya auna a ninki huɗu da rabi da madubin da aka daidaita a tara, zai ɗauka dabbar ta ninka nisanta na gaskiya. Sai kuma a tabbatar maɓallan gyaran saiti da layukan harshe ɗaya suke yi, kada layuka su zama na mil, maɓallai na MOA, alhali mil ɗaya ya kusa MOA uku da rabi.

Na san akwai na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza, mai masaukinmu ma yana da ita a aljihu. Duk da haka ya ƙi barin ɗansa ya taɓa ta sai ya fara faɗin nisan da ya lissafa da ka, domin batir kan mutu. Ba kuma kira nake a sayi bindiga ba. A Nijeriya mallakarta sai da lasisi, bisa dokar makamai ta 1959.

Da na dawo gida sai na zana ɗigogin a jikin farar roba mai nuna abin da ke bayanta, na fitar da 'yan aji ɗaya filin ƙwallo. Tsayin raga mita 2.44 ne, kowa ya riƙe robar a tazarar da na ƙayyade daga idonsa, ya auna, ya raba, sannan muka bi da igiyar awo. Wanda ya fi kusantar gaskiya, da mita huɗu kacal ya kuskure, kuma shi ne mai tambayar nan ta radiyan.