Gidan haya a ƙetare: Kano, Libiya ko Dubai?

Ɗan kasuwar Tanut ko Belbeji, in ya sami ribar hatsi da bisashe, yakan so sayen gidan haya a ƙetare. Kano ce mafi kusa da Damargu. Amma dokar 1978 ta damƙa filayen Najeriya a hannun gwamnoni, an rufe iyaka a 1984, 2019 da 2023, faɗuwar naira kuma ta rage darajar haya in an mai da ita sefa. A Libiya, yaƙin 2011 ya koro dubban ƴan Nijar. Dubai ta buɗe wa baƙi wasu unguwanni a 2002, sai dai nisa yakan tilasta dogaro ga dillali. Saboda haka, kafin biya, wajibi ne a binciki doka, kuɗi da hanya.