Wasiƙa zuwa ga dillalan gidaje na Tasawa da Mayahi

Na san wahalarku, yawon rana da lallashin mai gida da jiran la'adar da wani lokaci ba ta zuwa. Allah ya biya ku. To, ga abin da ke cina.

Yaranmu na Gidan Amumune suna tafiya Agadas da Libiya da Aljeriya, su shekara suna tara jika kan jika, su dawo da burin sayen tsohon gida a Tasawa ko Maraɗi su zuba 'yan haya. Ku kuma sai ku sa a yi wa bangon laka shafen siminti, a bi shi da fenti, ku ce gida garau. Bara na raka ɗan ƙanwata duba wani. Na ƙwanƙwasa bango, ya amsa kamar ganga. Na soka wuƙa a azara, gari ya zubo mini a hula, ashe gara ta gama da cikinta. Dillalin ko kunya babu, wai "Baba, ai fenti zai rufe." Fenti!

Maigidan da ya koya mini sana'ar nan, Allah ya jiƙansa, bayan ɗaki yake fara kai mai saye, ya nuna masa indararo da gindin katanga inda ruwan Agusta ke ci. Ya sha rasa ciniki a haka, bai fasa ba. Ina irinsu yau? Ko a Risala an karantar da mu cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba.

Can Japan, inda ake sayen tsofaffin gidajen bene don haya, doka ta tilasta wa dillali ya yi wa mai saye bayani a rubuce kafin a sa hannu. Mai saye kuma yakan tambaya ko ginin ya girmi 1981, shekarar da aka tsaurara ƙa'idar gini saboda girgizar ƙasa, da nawa aka tara a asusun gyara. Mu tamu girgizar gara ce da damina. Simintin da kuke shafawa ruwa yake tarewa a cikin laka, bango na ruɓewa daga ciki, yaron na can Sabha ta Libiya yana lissafin kuɗin haya.

Batun gidan da ba a raba gadonsa ba kuwa, sai wata wasiƙar.

Ku yafe mini in na yi zafi, tsufa ne. In kun shigo garinmu ku biyo, akwai fura.

Naku,
wani tsohon dillali, Gidan Amumune