Kafin A Ja Waya A Sito, A Tuna Da Hayaƙin Agbogbloshie

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauke albasa a Agbogbloshie kafin shekarar 2021 ba zai manta da baƙin hayaƙin da ke turnuƙe bakin kogin Odaw ba. Samari ne, yawancinsu daga arewacin Gana, suke tara tsofaffin wayoyi suna cinna masu wuta domin robar ta ƙone, su kwashi jan ƙarfen su kai wa mai sikeli. A shekarar 2013 cibiyar Blacksmith ta Amurka ta sanya wurin cikin wurare goma da suka fi gurɓata a duniya. A farkon watan Yulin 2021 kuma hukumomin yankin Ankara, ƙarƙashin ministan yankin na lokacin, Henry Quartey, suka rushe filin 'yan gwangwan, aka mayar da masu albasa Adjen Kotoku, can wajen Amasaman.

Abin da ya sa wannan jarida ta tono zancen shi ne, wayar da waɗancan yara ke ƙonawa ita ce a yau 'yan kasuwarmu ke saye bandir-bandir suna ja a sito-sitonsu. Ko shakka babu, kasuwanci ya sauya. Mai sito yana son kyamarar tsaro a bakin ƙofa da wurin lodi, yana son kwamfutar akawu ta yi magana da ta ofis, ga na'urar POS, ga kuɗin waya da suka maye gurbin ƙunshin sidi da sefa a cikin aljihu. Tun shekarar 2020 hukumar kwastan ta Gana ta koma tsarin ICUMS, wanda ake cike takardun kaya ta intanet. Ke nan idan layi ya ɗauke a Paga ko Aflao, mota tana tsaye, albasar Galmi kuma ba ta san haƙuri ba.

Idan ba a manta ba, ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Yammacin Afirka. Bankuna da masu hulɗa da kuɗin waya a Gana da Nijeriya sun ji a jikinsu, har hukumar sadarwa ta Gana ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. Wannan ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. Abin da ke hannunsa shi ne 'yan mitocin ƙarshe, daga bakin titi zuwa ofis, daga ofis zuwa ƙuryar sito, kuma a nan ne ake tafka asarar da ba a lissafa ta.

Wayar intanet ta jan ƙarfe, wadda masu haɗawa ke kira Cat5e ko Cat6, tana da iyaka: mita 100 daga na'ura zuwa na'ura, har da guntayen da ake joni da su a kowane ɓangare. Ƙa'idar masu ƙera ta ce haka, ba ra'ayin wani ba. Idan aka zarce, hoton kyamara ya riƙa tsayawa, layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, sai mai sito ya yi ta zagin kamfanin sadarwa alhali matsalar tana saman kwanonsa. Sito babba da filin ajiye tireloli sukan wuce mita 100 ba tare da an ankara ba, domin waya ba ta bin hanyar tsuntsu, sai ta hau bango ta sauka ta kewaye ginshiƙi. Mai aikin da ya ce maka "Alhaji, za ta kai" ba tare da ya ja tef ya auna ba, kuɗinka yake kallo.

Abin takaici na biyu shi ne jabun waya. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana sayar da ita da rahusa a cikin kwali mai kyan gani. Ba ta ɗaukar nisa kamar ta gaskiya, tana saurin karyewa, kuma idan aka bi ta cikinta aka ba kyamara wuta, kamar yadda ake yi yanzu, takan yi zafi fiye da kima. Gane ta ba wuya. A yanko guntu, a kankare silin da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, a mayar wa mai ita. Mutumin da ba ya sayen buhun albasa sai ya sa an zazzage ya ga na ƙasa, bai kamata ya karɓi kwalin waya a rufe ba.

A ra'ayinmu, duk inda nisa ya wuce mita 100, ko kuma za a haɗa gini da gini, wayar gilashi ce magani, wato faiba. Sili ne na gilashi kamar gashin kai, haske ke gudu a cikinsa ba lantarki ba. Irin wadda ake kira mai hanya ɗaya tana kai kilomita 10 da na'urori na yau da kullum. Ƙarar janareta da injin niƙa ba sa dagula mata saƙo, kuma idan aradu ta faɗi a damina ba za ta kwaso wutar daga wannan gini ta kai wancan ta ƙone kwamfutoci ba, abin da wayar jan ƙarfe da aka rataya a sarari kan yi. Sai dai mu faɗi gaskiya, tana da nata nauyin. Ba ta ɗaukar wuta, don haka dole a tanadi lantarki ko batirin sola a ɗaya ƙarshen. Ba a ƙulla ta da hannu a naɗe da salatif, sai da injin haɗi da wanda ya koyi aikin. Kuma ba ta son a lanƙwasa ta da ƙarfi.

Wannan tsadar ce ta sa muke ganin aikin na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. A yau kowa na jan tasa wayar ta saman rumfar maƙwabci, ta haɗu da ta lantarki, har wuri ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto a farkon Janairun 2025, wadda ke kusa da Agbogbloshie, ta isa ta nuna yadda wuta ke gudu a kasuwa mai cunkoso. Ya kamata shugabannin 'yan albasa da na 'yan doya da masu sito su haɗa kuɗi a haƙa rami ɗaya, a binne bututun roba, a zura faiba, kowane layin shaguna ya ja daga akwati guda. A kafa alama a kan ramin, a zana taswirarsa a ajiye a ofishin ƙungiya, domin kamfanonin sadarwa na Gana sun daɗe suna kukan cewa katafilolin masu aikin hanya na yawan tsinke masu waya. Haka nan a sanar da 'yan gwangwan a fili cewa babu ko ƙwayar jan ƙarfe a cikin silin faiba. Ɓarawon da ya yanke ta bai samu na koko ba, amma ya tsayar da kasuwa guda.

Saura tsohuwar wayar da za a cire. Rushe Agbogbloshie bai kashe sana'ar ƙona waya ba, warwatsa ta ya yi zuwa wasu lunguna, ciki har da Old Fadama da ke tsallaken ruwa. Tun a 2014 aka kawo injinan feɗe waya filin domin a daina ƙonawa, a 2016 kuma majalisar Gana ta zartar da doka mai lamba 917 kan shara mai guba da tarkacen kayan lantarki. Amma sirara irin na kwamfuta su ne suka fi wuyar feɗewa, su ne kuma suka fi ƙarewa a wuta. Yaron da ke shaƙar wannan hayaƙin da shi muke sahu ɗaya a masallaci. Don haka muna kira ga masu sito da kada su miƙa tsohuwar waya ga duk wanda ya zo da kura. Su nemi dillalin da ke feɗewa ko niƙawa da inji, su kuma dillalai su bambanta farashin jan ƙarfen da aka feɗe da wanda aka babbake.

Daga ƙarshe muna kira ga Asusun Raya Zango, wanda dokar shekarar 2017 ta kafa, da sarakunan zango na Nima da Maamobi da Sabon Zango, su sanya koyon haɗa faiba da gwajin layi cikin sana'o'in da ake tura matasa. Ƙungiyar kasuwa ɗaya za ta iya sayen injin haɗi guda ta damƙa wa yara biyu ko uku da suka ƙware, da sharaɗin duk aikin da suka yi su rubuta tsawon wayar da irinta a takarda, mai sito ya sa hannu kafin ya biya.